Iskar da Kawu Ya Rage

Ranar farko ta zaman makokin Kawu, ni aka ba aikin raba kunu. Na san dalilin Mama. Tana ganin idan hannuwana suna riƙe da bokiti da kofi, bakina zai zauna lafiya. Bakin ya zauna, amma ido da kunne ba wanda ya ba su aiki.

Mutane sun zo, wannan ba zan hana su ba. Matan zumunta na coci sun taso da waƙa tun daga bakin titi. Dattawan coci sun cika kujerun roba a gindin mangwaro, duk wanda ya shigo sai ya kama hannun Mama ya ce, "Ubangiji ya ba da haƙuri, ya tafi hutawa." Har daga Kachia an zo, har daga Kujama. Mama ba ta yi kuka a gabansu ba, sai da ta shiga ɗakinsa ɗauko tabarma ta ga famfonsa na hannu a jingine a bayan ƙofa. Amma ga abin da ni na gani. Duk waɗanda suka kawo gudummawar itace da ruwa da doya a amalanke, babu ko ɗaya da ya turo amalankensa tsakar gida. Can suka jera su bayan gonar makwabta, suka ƙarasa da kayan a ka. Mutum yana kwance a mutuware, ɗakin ajiye gawa, a Kafanchan, amma har yanzu ba su yarda su ajiye taya kusa da ƙofarsa ba.

Ina zuba wa wasu mata biyu kunu, ɗaya ta ce wa ɗaya da yarenmu, "To, yanzu tayoyin gari za su huta."

"Ke, yi shiru. Ga 'yar ƙanwarsa nan."

"To sai me? Ba ita ce ta kama shi ba?"

Ni ce. Shi ya sa nake wannan rubutu, kuma ba zan yi ta zagaye ba.

Kawu yayan Mama ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai faci ne, yana kuma haɗa amalanke da baro a wata rumfar kwano a ƙofar gidanmu na gado, a ƙauyenmu kusa da Kagoma. Matarsa ta rasu tun ina goye, ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. A wurinmu amalanke ba abin wasa ba ne. Gonakin citta da doya suna bayan tsauni, hanyar kuwa duwatsu ne da saiwoyi da ramukan da ruwan sama ya haƙa. Mota ba ta shiga. Mashin yana shiga, amma buhu nawa zai ɗauka? Abin da ka noma, a kan taya biyu zai sauko bakin gada inda masu saye ke jira, ko kuma a kan wuyanka.

Kawu bai yarda da komai ba. Idan ka ce masa yau za a yi ruwa, sai ya ce, "Wa ya ce?" Idan ka ce taya sabuwa ce, sai ya ce, "Kawo in gani." Ko gaisuwa aka yi masa ta yi tsawo, sai ya tsaya yana jiran abin da ke bayanta. Maganin asibiti ma sai ya zazzage shi a tafin hannu ya juya kowace ƙwaya kafin ya haɗiye. Kowace tayar da ya wuce, ta keke ce, ta mashin ce, ta baƙo ce, sai ya danna ta da babban yatsa, yadda mata ke danna gwanda a kasuwa. Ba ya neman izini. Mama takan ce a wurinsa na gaji halin, ni kuwa nakan ce aƙalla ni ina magana.

Idan ka zo ka ce ya haɗa maka amalanke, ba zancen ƙarfe zai fara ba. Sai ya tambaye ka wace gona, me za ka ɗauka, wa zai tura. Wani manomi ya taɓa zuwa daga wajen Kachia, yana sauri, ya ce shi dai a ba shi irin na kowa. Kawu ya ce babu na kowa. Ya hau bayan mashin ɗin mutumin, suka tafi, ya taka hanyar gonar da ƙafarsa daga sama har ƙasa, ya dawo da laka har gwiwa, sannan ya ce ga irin tayar da za a sa. Mutumin yana ta gunaguni cewa ya ɓata masa yini. Ni a lokacin gefen mutumin na bi.

Sau ɗaya na raka shi Kafanchan sayen tayoyin amalanken coci, ina aji uku na sakandare, na kuma rantse ba zan sake ba. Mun isa shagon Alhaji mai kayan keke da mashin da hantsi, ba mu fito ba sai da aka kira la'asar. Alhaji ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa ne, kakanninsa ma a nan aka haife su, shekara da shekaru shi da Kawu suna ciniki suna tsokanar juna.

"Ga mai bincike ya iso," in ji Alhaji. "Bari in ɓoye tayoyin kirki in fito masa da na bola, ai duk ƙi zai yi."

"Kai dai sauko da waccan. Ba wadda ka shafa wa baƙin mai ba. Ta bayanta."

Kawu ya shinshina tayar. Ya lanƙwasa gefenta da hannu biyu ya kai ta hasken rana yana neman tsaga, don roba idan ta daɗe a shago bushewa take yi ko ba a taɓa hawanta ba. Ya zura hannu ciki ya shafa zagaye. Ya sa Alhaji da kansa ya kawo ruwa a baho, ya hura tiyub ya tsoma, ya juya ya sake tsomawa, yana jiran kumfa. Ya sa wilin a sandar ƙarfe ya murza, ya kara kunne yana sauraron boris, ƙwayoyin ƙarfen da wilin ke juyawa a kansu. Ni ina tsaye, ƙafa ta yi tsami.

"Kawu, taya ce fa, ba amarya ba."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame. Kawu ko dubana bai yi ba. "Amarya idan ta ƙi ka, da ƙafarta za ta koma gidansu. Wannan a tsakiyar dutse za ta ƙi ka, da buhu shida a kai."

Ya fi son wilin mashin a kan ƙananan nan masu fenti da ake kawowa daga waje, don babbar taya tana hawa dutse ta wuce, ƙarama kuwa a gindin dutsen take tsayawa ta soka maka hannun amalanke a ƙirji. Mai faɗi yake nema saboda yashin rafi da laka. Kuma sai mai iska. A kan wannan ne ya yi faɗa da dattawan coci kafin mu yi waccan tafiyar. Ɗaya daga cikinsu ya dawo daga Kaduna da tayar roba zalla, wadda ba ta da tiyub, ba ta sacewa, ba ta san ƙaya ba. Ya ce a sa wa amalanken coci irinta a huta. Kowa ya gyaɗa kai. Wani ma ya ce ai dole mai faci ya ƙi tayar da ba ta buƙatar faci.

Ranar Lahadi bayan sujada Kawu ya kawo amalanke biyu bayan coci, inda hanya ta fi muni, ɗaya da tayar dattijon, ɗaya da tasa. Ya ɗora baho cike da ruwa a kan kowanne, ya ce dattijon ya tura su da kansa har gindin tsamiya. Mai roba zalla ya isa da ruwan da bai kai na wanke fuska ba, dattijon kuwa haƙoransa sai karo suke da juna. Mai iska ya isa da fiye da rabi.

"A simintin asibiti ko na sito, sa waccan, ta fi," in ji Kawu. "A nan, bugun da taya ba ta sha ba, doya ce za ta sha. Doyar da ta bugu ba ta ajiyuwa. Abin da doya ta rage kuma, bayanka."

Ya yi nasara ranar, amma na ga fuskar dattijon. Ba a kunyata babba a gaban matan zumunta a ce an gama.

Yanzu ga abin da na yi.

Ina aji biyar, lokacin haƙar citta, ranar kasuwa. A farkon hanyar gona akwai wata ɗorawa inda mutane ke barin amalanke tun yamma, da safe su hau da su gona su sauko da kaya. Mama ta tashe ni da sassafe in kai buhuna. Ina isa na hangi Kawu a tsugune gefen amalanken Mamar 'yan biyu. Makwabciyarmu ce, gwauruwa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yan biyu da gonakin citta da wannan amalanken, tana zaune a gidan dangin miji, wan mijin ne babba a gidan. Kawu ya danna tsinken ashana a bawul, iska tana fita, tsss. Ya saki, ya danna tayar da yatsa, ya sake sa tsinken.

Mutane suna tafe a bayana, sun kai goma. Da mai hankali ce ni, da na matsa na tambaye shi tsakanina da shi. Ni kuwa daga inda nake na ɗaga murya.

"Kawu! Me kake yi wa tayar gwauruwa?"

Ya ɗago. "Iska ta yi yawa."

"Ta sa ka ne? Ashe haka kake yi, ka sace wa mutane taya da safe su kawo maka faci da rana?"

Na so in ce ban san daga ina maganar ta fito ba, amma na sani. Tun lokacin rigimar baho na ji ta a bakin manya, ta zauna a kaina shekara biyu tana jira.

Mamar 'yan biyu tana cikin masu zuwa. Kowa ya juya ya dube ta. Ta dubi ƙasa, ba ta ce komai ba. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya jefar da tsinken, ya kakkaɓe gwiwa, ya wuce.

Kwana uku bayan haka tayarta ta sace a hanya, ta kai ta wurin mai injin iska a mahaɗar titi, ba wurin Kawu ba. Shi ke nan. Kowa ya tuna wata tayarsa da ta taɓa sacewa bayan Kawu ya danna ta. Dattijon nan mai tayar roba zalla ya ce shi tun tuni ya sani. Aka karɓe amalanken coci daga hannunsa, ko zama ba a kira ba. Rumfa ta koma wurin hutun awaki, sai baƙi masu wucewa da ba su ji labari ba ke tsayawa. Mama ta mare ni, sannan ta je ta tambaye shi. Ya ce mata, "Yarinyar ta faɗi abin da ta gani." Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ce ya tuna sunan ubansu. Ya ce miya ta yi gishiri. Ko kalma bai ƙara ba, har shekara bakwai.

Jama'a suka koma wurin inji, inda ake cika taya ta yi tauri kamar dutse, don a kwalta ta fi gudu. Na ga amalanke yana tsalle a gangare kamar ɗan akuya. Na ga walda tana tsagewa. Na ji taya ta fashe da tsakar rana a bakin gada har mata suka watse suka bar kayansu. Na fara tunani. Amma kuma na san idan iska ta yi kaɗan kaya suka yi nauyi, wili yana cizon tiyub a kan dutse ya huda shi. To wanne ne, gyara yake yi ko ɓatawa? Ban je na tambaye shi ba. Na iya ihu a gaban jama'a, amma taku goma daga ɗakina zuwa rumfa ya gagare ni.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, na fara kiwon kaji ina kai ƙwai bakin titi. A ka nake ɗauka. Wata safiya na fito na tarar da baro a ƙofar ɗakina. Kwanon tsoho ne, amma an sa masa faffaɗar taya mai iska, an kuma shimfiɗa guntayen tsohon tiyub a ciki inda kiret zai zauna. Kawu yana rumfa yana shan koko.

"Kawu, na wane ne?"

"Na mai ƙwai."

"Na gode."

"Kada ki kai shi wurin inji. Famfon hannu. Ki danna da yatsa, idan ta ɗan lotsa, ta yi. Idan ta ƙi yatsa, rage."

Kun san abin da na yi? Wata guda cur, kowace safiya sai na duba tayar nan ko ya taɓa ta kafin in tashi. Ina yi yana kallona daga rumfa. Ƙwai bai taɓa fashe mini a hanya ba, sai ranar da ni da kaina na yi tuntuɓe.

Ciwon da ya ɗauke shi bai kai sati ba. Ƙirji ne. An kai shi asibiti a Kafanchan, ko a can sai da ya miƙa hannu daga gado ya danna tayar keken marasa lafiya, ya ce wa nas wannan roba zalla ce, kuma a nan ta dace. Na je sau biyu, duka biyun akwai mutane a ɗakin. Na ce bari sai ya dawo gida in nemi gafararsa.

Rana ta biyu ta makoki Fasto ya kira ni gefe. Ya ce tunda ni ce mai boko a gidan, ni zan rubuta tarihin marigayi in karanta a coci ranar jana'iza, kamar yadda ake yi.

"Ki ce manomi ne, mai zuwa sujada, mai son dangi. Batun taya ki bar shi, 'yata."

"Fasto, in na cire taya me ya rage? Sana'arsa ke nan."

"Ki bari, na ce. Wanda ya tafi ya tafi, mu ba alƙalai ba ne."

A nan na gane shi ma ya yarda da maganar. Rufa wa Kawu asiri yake so a yi, asirin da ni ban tabbata akwai shi ba. Idan aka binne shi a haka, da sunan da na ba shi zai kwanta. Kwana huɗu suka rage a yi jana'iza.

Washegari Alhaji ya zo. Ya tsufa, da sanda yake tafiya. Ya yi wa Mama gaisuwa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya zauna a tabarma gefe. Na kai masa ruwa, na durƙusa, na tambaye shi kai tsaye.

"Alhaji, Kawu yana cutar mutane?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce mai maganar amarya ko?"

"Ni ce."

"Yarinya, ni ya cuta. Lokacin da yake riƙe da ƙauyenku, in na sayar da taya sai in manta fuskar mai ita. Da ya bari, ga su nan kullum a shagona. Mai huda taya da gangan gam ɗin faci zai riƙa saye. Kawunki gwangwanin gam bushewa yake yi a hannunsa, ya dawo ya ce ni na ba shi tsoho."

Raina ya yi sanyi, amma bai daɗe ba. Na ce a zuciyata, wa ke zuwa gaisuwar mutuwa ya zagi mamaci? Kuma wa zai saurari shaidar mai sayar da taya? Mutum ɗaya ce ta sani, Mamar 'yan biyu, kuma tun da aka fara makoki ba ta shigo ba. Itace kawai ta aiko.

Na same ta da yamma a bayan gidansu tana tsaga citta tana shanyawa. Ban gaishe ta yadda ya kamata ba.

"Mama, ranar nan a gindin ɗorawa, me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ci gaba da tsaga. Ta leƙa ko wan mijinta yana kusa. "Zauna. Ke kullum a tsaye kike magana."

Na zauna. Ta ce amalanken na mijinta ne, amma tun da ya rasu wan mijin ke iko da shi. Shi ke kai shi wurin inji jajibirin kasuwa ya sa a cika, ya ce haka ya fi. Ita kuwa ce mai sauko da shi daga gona, kuma tun haihuwar 'yan biyu bayanta bai koma daidai ba. Kowane dutse a ƙugunta yake sauka. Wata rana Kawu ya tarar da ita a durƙushe a hanya, ya danna tayar, ya ce zai riƙa rage mata kafin mutane su fito. Ita ta ce ya yi. Kusan shekara yana yi, ko citta ɗaya bai karɓa ba.

"To me ya hana ki faɗa?"

"In ce me? In ce ni gwauruwa, namijin da ba shi da mata yana fitowa da sassafe yana yi mini aiki kyauta, wan mijina bai sani ba? Kin san abin da suke jira su ji a gidan nan? Gonar bakin rafi suke so tun ƙasar kabarin mijina ba ta bushe ba. Da na buɗe baki, da yammar ranar ina gidan ubana, 'yan biyu suna nan."

"Shi kuma fa?"

"Ya dube ni. Kina wurin ai, kin gani. Ya dube ni, ya gane, ya tafi." Ta ajiye wuƙa. "Ranar da ƙaya ta huda tayar, da kuka na wuce ƙofarsa na kai wa inji. Ke da baki kika kayar da shi, ni da shiru. Kada ki zo nan kina yi mini tambayar 'yan sanda."

"Zan faɗa a coci."

"Ba za ki faɗa ba. 'Yan biyu ba su gama makaranta ba, gonar ce ke riƙe da su. Shi da ya ɗauki abin shekara bakwai bai faɗa ba, ke wace ce?"

Na tashi na dawo gida da gaskiyar da na je nema, kuma babu inda zan kai ta.

Ranar jana'iza na hau gaba da takarda. Na karanta abin da Fasto ya so, manomi, mai sujada, mai son dangi. Sai na ninke takardar na ce, "Kawuna mai faci ne, kuma ba a yi wanda ya san taya kamarsa a nan ba. Maganar da ake yi a kansa daga bakina ta fito. Na gan shi yana rage iska, ban nemi dalili ba, na yi masa ƙage a gaban mutane. Bai cuci kowa ba. Ni na cuce shi."

Coci ta yi tsit, sai gunaguni. Fasto ya miƙe ya sa a ɗauki waƙa. Wani daga baya ya ce, yadda zan ji, "To dalilin me ne?" Na sauko na koma mazaunina. Mamar 'yan biyu tana benci na uku, kanta a sunkuye. A wajen kabari na ji ana cewa baƙin ciki ne ya taɓa ni. Wasu suka ce rumfar nake so in gada, shi ya sa nake wanke ta. Ban ga laifinsu sosai ba. Da ni ce a benci, haka zan zata.

Wata biyu bayan haka, ina jera ƙwai a bakin titi, sai ga Mamar 'yan biyu ta tsaya a kaina.

"An ce kina rubuta labarin kawunki."

"Ina yi. Ban sa ki ba."

"Sa ni."

Ta ce Lahadin da ta wuce, a taron zumunta, ta tashi ta faɗi komai, tun daga ciwon baya har zuwa ƙaya. Ta ce tun ranar jana'iza ta kasa miƙa hannu ta karɓi jibin Ubangiji a coci. Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Wan mijin bai yi ihu ba. Ya ce shi dama ya daɗe da zargi, ya ce kuma gonar bakin rafi bana ɗansa ne zai noma. An bar mata ta kan dutse, wadda citta ba ta so. Ba a kore ta ba, tukuna.

Na tambaye ta ko mutane sun yarda. Ta ce wasu sun yarda Kawu bai sace taya don faci ba. Sauran kuwa sun samu sabuwar magana, kuma ta fi tsohuwar daɗi a baki.

Ya kamata in yi shiru a nan, na sani. Ban iya ba.

"Mama, tsakani da Allah, akwai wani abu tsakaninki da Kawu?"

Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas. Na ɗauka mari zai biyo. Sai ta yi tsaki, ta gyara zani.

"Akwai mana. Shekara guda ina sauko da citta daga dutse bayana bai hana ni barci ba. Ke wani namiji ya taɓa yi miki abin da ya kai wannan? Rubuta haka, kada ki gyara. Kuma ba ni ƙwai biyu, masu kyau, ba waɗanda kika jera a gaba ba."

Na ba ta ƙwai, na rubuta, ban gyara ba. Ubangiji ya hutar da Kawu. Ita kuma da ta ɗauki nauyin abin da ni na ɓata, ya tsare mata ɗakin da take kwana.